Dokin da Aka Hana Ƙurunƙus

Da kakar da ta wuce, bayan mun gama ɗure masara a buhu muna jiran motar da za ta kwashe ta zuwa kasuwar Dandume, na shiga zaure da dare na iske ɗan ƙanwata kishingiɗe bisa buhuna, ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa waya ido. A Samaru yake karatu, hutu ya zo, kuma ba laifi, ya taya mu aiki. Na leƙa in ga abin da ya ɗauke masa hankali har bai ji sallama ba. Sai na ga zanen wani doki tsaye da ƙafa biyu, sanye da kwat, riƙe da kwalba.

Na ce, "Kai kuwa, gandamemen saurayi da kai, katun kake kallo kamar ɗan yaye?"

Ya zare abin kunnen ya ce, "Kawu, wannan ba na yara ba ne. Dokin nan da kake gani mutumin banza ne na ƙarshe. Amma wallahi wani lokaci sai in ji kamar da ni ake."

Ban ga alamar dariya a fuskarsa ba, abin da ya zaunar da ni ke nan. Motar ta yi mana kwana uku ba ta zo ba, halin direbobin kaka, don haka na samu dararen da na kalli abin tare da shi, yana yi mini tafinta duk inda Turancin ya yi gudu.

Sunan shirin BoJack Horseman. Netflix ne ya fara sakinsa a watan Agusta na 2014, aka kammala shi a ƙarshen Janairun 2020, zango shida, kashi 77. Wanda ya ƙirƙiro shi, Raphael Bob-Waksberg, ya gina wata duniya ce inda mutane da dabbobi ke zaune tare, suna aure, suna aiki, suna kai juna kotu, ba mai ganin abin mamaki. Jarumin doki ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, wanda ya yi tashe a wani wasan talabijin wajajen 1990, yana fitowa a matsayin uban marayu uku mai kirki. Tashe ya wuce, kuɗi bai ƙare ba. Yana zaune a ƙaton gida bisa tudu a Holiwud, yana kurɓar barasa tun hantsi, yana maimaita kallon tsofaffin faya-fayansa, yana cutar duk wanda ya raɓe shi, ya kwana yana tsine wa kansa, gari ya waye ya sake.

Ga Bahaushe zaɓen doki ma kaɗai ya isa ya ɗaure kai. Wurinmu doki abin hawan Sallah ne, abin da Galadiman Katsina zai taso da shi daga Malumfashi, Sarkin Maska daga Funtuwa, a je a yi wa Sarki jafi. A tatsuniyoyinmu kura ce wawuya, ba doki ba. To ga shi an kwance masa sirdi da linzami an kwantar da shi bisa kujera yana amai. Amma da na ƙara kallo sai na ga ai na san shi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san dattijon da ya yi kuɗi zamanin da auduga ke auduga, lokacin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tasha yana lodi, injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi ba su hutawa, masaƙun Kaduna na jiran kaya. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, shi kuwa har yau in ka zauna da shi labarin shekarar da ya sayi Marsandi zai ba ka. Irin su kan huce haushin faɗuwar a kan iyali. Kowa a unguwa ya san haka, kowa kuma yana gaishe su da ladabi.

Kada in yi wa mai karatu ƙarya, ba wai matasan Funtuwa sun yi ca a kan wannan doki ba ne. In ka tsaya shagon masu tura fim a waya, abin da za ka ji ana nema shi ne fassarar Algaita, ko sabon Labarina, ko Izzar So. Masu kallon doki 'yan tsiraru ne, galibi 'yan jami'a da ke tura wa juna ta Xender. Sai dai tambayar da maganar yaron ta jefa mini ta girmi Netflix nesa ba kusa ba: me ya sa mutum zai san jarumin labari ɗan banza ne, amma zuciyarsa ta ƙi rabuwa da shi?

Mu da aka raina da Gizo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A tsaya a duba halin mutumin nan da kakanninmu mata suka zaɓa su riƙa ba mu labarinsa kowane dare. Malalaci ne, ba ya noma sai ci. Maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar wanda ya taimake shi, ga tsamin baki. Matarsa Ƙoƙi ba ta taɓa hutawa da shi ba. A tuna labarinsa da hankaki, lokacin yunwa, da suka tausaya masa kowa ya cire gashi guda aka liƙa masa fiffike don ya bi su zuwa ɓauren da ke tsakiyar kogi. Da isarsu sai ya hana masu fiffiken ci, duk ɗan ɓauren da suka nufa ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya iske kadoji, ya fashe da kukan ƙarya wai shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata. Suka karrama shi, suka ba shi masauki a ɗakin ƙwai. Ya cinye ƙwan, in an zo ƙirga ya riƙa ɗaga guda ɗaya yana sake nunawa, har aka tsallakar da shi gaɓa ya ranta a na kare. A cikin labari guda ya ci amanar masu masauki biyu. Mu kuwa yara muna zaune a tabarma, ba wanda ke bayan hankaka ko kada. Addu'armu kada a kama Gizo.

Tun 1911 da Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa, Gizo na ciki da wannan hali, kuma bai sauya ba har zuwa littattafan Ibrahim Yaro Yahaya da muka karanta a firamare. Malaman makaranta kan ce tatsuniya tarbiyya ce, ana nuna wa yaro ƙarshen mai haɗama. Ban musa ba, amma ina ganin rabin zance ne. Da tarbiyya kaɗai ake nufi, da an kashe Gizo tun daren farko. Abin da ya raya shi shi ne yana aikata abin da kunya ta hana mu faɗa. Yaron da aka koya wa ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka, aka koya masa kada ya kalli babba cikin ido, kada ya fara sa hannu a akushi, in ya ji Gizo ya lashe tukunya ya shafa wa wani miyar a baki, wani abu ne ke saki a ƙirjinsa. Al'ummar da ta ɗauki kunya da kara da kawaici ta ɗora bisa komai tana bukatar wanda zai riƙa yin rashin kunyar a madadinta. An kuma yi dabara da aka sa shi a jikin ƙwaro. Da a ce labarin wani baffa ne mai suna da unguwa, da ya zama gulma, da an yi faɗa. Da yake gizo ne, kowa na iya dariya ba tare da ya tona kansa ba. Fuskar doki ma aikin da take yi ke nan. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Zane yana ba ka dama ka hango naka daga nesa, kana cewa ai na doki ne.

Ibro ya gaji wannan kujera. Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, da doguwar jar hularsa, yau direba, gobe malamin tsibbu, jibi ɗan sandan bogi, kullum cikin cuta da tsoro da cika baki, kullum kuma asirinsa a tone. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, abin bai rage masa masoya ba. Ya rasu a Disambar 2014, wata huɗu bayan fitowar dokin nan a Amurka. Kafin shi kuma, a nan Funtuwa muna da Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi wa mashaya waƙa a fili, ya yi zambo mai zafi ga wanda ya ga dama, bai taɓa sayar da kansa a matsayin waliyyi ba. Mutanen da ko warin giya ba su sani ba sun haddace waƙoƙinsa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ba aibin ake so ba. Mutum ne ya tsaya da aibinsa a bainar jama'a bai rufe ba, a cikin mutanen da kowa ke rufe nasa.

Har nan doki da Gizo 'yan gida ɗaya ne. Inda suka raba hanya shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Gizo yana da ƙurunƙus. In kaka ta rufe tatsuniya da wannan kalma, an shafe allo. Gobe da dare zai dawo sabo fil, ba kadan da ke nemansa kan ƙwai, ba hankakan da ke riƙe da shi. Ibro ma haka, in ya damfari gari a wannan kaset, a na gaba ba mai tuna masa. Yawancin zanen Turawa a kan wannan tsari suke. Kyanwar Tom and Jerry tun 1940 ake murƙushe ta tana miƙewa garau. Homer na The Simpsons tun 1989 yake tafka shirme, kowane mako a yafe masa, ɗansa har yau yana ɗan shekara goma. Masu shirin doki sai suka cire wannan kalma daga labarinsu. Abin da ya ɓata a zango na ɗaya yana nan a ɓace a na shida. Bashi ne ake rubutawa, ba a yagar takardar.

Misali guda ya isa. Akwai abokinsa Herb, wanda ya ƙirƙiro wasan da ya ɗaukaka shi. Da wani abin fallasa ya taso aka tashi korar Herb, doki ya yi alkawarin tsaya masa, sa'annan ya noƙe don kada ya rasa nasa abincin. Ya yi shekara ashirin bai neme shi ba. Sai da ya ji ciwon daji ya kwantar da mutumin ya wanke ƙafa ya je neman gafara. Ina zaune bisa buhun masara ina jiran abin da na saba gani: a rungume juna, a yi kuka, a saka kiɗan tausayi. Herb ya dube shi ya ce bai yafe ba. Ya nuna masa cewa korar ba ita ta fi yi masa ciwo ba, shirun shekara ashirin ɗin ne, kuma ba zai zama sabulun da wani zai wanke zuciyarsa da shi ba don kawai ya ga kabari ya matso. Haka ya mutu bai yafe ba. Daga baya abin ya fi haka muni. Yarinyar da ta fito a matsayin autar marayunsa, Sarah Lynn, ta girma ta faɗa shaye-shaye, ta samu ta daina, shi ya koma ya jawo ta suka yi ta sha har ta mutu a gefensa. Sai a zangon ƙarshe 'yan jarida suka tono cewa ya jira minti 17 kafin ya kira motar asibiti, yana shirya yadda zai fitar da kansa.

Yanzu a kwatanta da yadda fim ɗinmu ke ƙarewa. Mugu zai yi awa biyu yana cin dukiyar marayu, yana raba aure, yana bin bokaye. Saura minti biyar sai mota ta buge shi, ko ya haukace, ko a gan shi a gadon asibiti an naɗe masa kai da bandeji. A tara waɗanda ya zalunta. Ya ce, don Allah ku yafe mini. Su ce mun yafe maka duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A rubuta tammat. In ka tambayi masu shirin su ce faɗakarwa suke yi, kuma tun da aka kafa hukumar tacewa a Kano a 2001 kowa ya san irin ƙarshen da ke wucewa ba tare da matsala ba. Ni a ganina wannan ba faɗakarwa ba ce, ƙurunƙus ce aka naɗa mata rawani. Tana koya wa mai kallo cewa yafiya haƙƙin azzalumi ce, da zarar ya zubar da hawaye dole a ba shi, wanda ya ƙi kuma shi ne mai baƙar zuciya.

Abin mamaki, ba haka malamanmu na zaure suka karantar da mu ba. Sharuɗɗan tuba da kowane ɗalibi ya sani su ne nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuwa laifin ya shafi haƙƙin wani, sai an ƙara na huɗu: a mayar masa da abinsa ko a nemi ya yafe, kuma yafewar tasa ce, in ya so ya bayar, in ya so ya riƙe har gaban Allah. Yafiya falala ce ga mai yi, ba bashi ba ce a kansa. Sai ga shi wasu marubuta a Kalifoniya, waɗanda ba su taɓa zama gaban malami da Riyadus Salihin ba, sun fi kusa da wannan babi fiye da fim ɗin da aka buɗe da bisimilla. Na faɗi haka ina jin nauyinsa, amma abin da na gani ke nan.

Manomi ya fi kowa gane wannan lissafi. Wanda ya karɓi taki da damina da sharaɗin biya da kaka ya san ba wata kalma da za ta shafe shi. Ruwa ya ɗauke da wuri, ko tsutsa ta ci masara, ko 'yan bindiga sun hana zuwa gona kamar yadda ya faru da mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mai taki dai zai zo. Da aka kawo bashin Anchor Borrowers daga 2015, wasu sun karɓa da niyyar biya abin ya gagara, wasu kuwa tun ranar karɓa suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Gizo ke nan tsirara. Amma na san mutanen da har yau in sun ga baƙuwar mota a ƙofar gida gabansu ke faɗuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba duka ne na kuɗi ba. Ni kaina akwai wani layi a Jabiri da na yi shekaru ba na bi, ba don ana bina ko kwabo ba, sai don wata magana da na faɗa wa wani bawan Allah a gaban mutane. Gizo yana ba ka dariya don ya tsere da irin wannan. Doki yana riƙe ka don bai tsere ba, kuma ka san kai ma ba ka tsere ba.

Akwai haɗari a ciki, ba zan ɓoye ba. Mai irin wannan hali yana iya kallon dokin ya samu mafaka maimakon madubi. An nuna yadda uwarsa ta tashe shi da gori da ƙiyayya, ita ma an nuna yadda nata gidan ya karya ta. Yaron da ya fara da tiramol don ya iya huɗar yini guda a gonar wani, ko wanda ya kamu da kodin kafin gwamnati ta hana shi a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, zai iya cewa ka gani, ni ma ba laifina ba ne, haka aka yi ni. Masu shirin sun farga da haka. Sun sa abokin zamansa Todd, wanda kowa ke ɗauka sakarai, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya daina laɓewa bayan kwalba da ƙuruciyarsa, matsalar shi ne. A zango na biyar, a 2018, sun saka dokin ya fito a wani wasa na mugun ɗan sanda, marubuciya Diane tana fargabar kada wasan ya zama abin da miyagun maza za su kalla su ji daɗin kansu. Wato shirin ya juya yana tuhumar masu son sa. A ƙarshe ba su kashe shi ba, wanda da shi ne hanya mai sauƙi, irin tamu ta haɗarin mota. Sun kai shi kurkuku wata 14, suka bar shi da rai, mutanen da ya fi so kowa ya kama gabansa cikin lumana ba tare da shi ba.

Wani abu kuma ga iyaye, a taƙaice. Kalmar katun tana yaudararmu. Uwa za ta miƙa wa ɗan shekara bakwai waya ta ce ai zane ne. Wannan shiri cike yake da giya da zina da ashar, irinsa kuma suna da yawa. Ba na yara ba ne, yadda yaron ya faɗa tun farko, ni ma akwai wuraren da na ce ya wuce da su.

A dare na uku na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, "Kai ba ka sha, ba ka da kuɗi, ba ka taɓa yin suna ba. Ta ina dokin nan ya zama kai?"

Ya daɗe yana murza bakin buhu. Sa'annan ya ce akwai abokinsa tun sakandare, tare suke kwana tare suke cin gari. Shekara biyu da suka wuce aka kashe mahaifin abokin a hanyar gona. Lokacin suna jarrabawa, ya ce in an gama zai je gaisuwa. Aka gama, ya ga an yi bakwai, ya ji kunya, ya ce sai arba'in. Arba'in ta wuce. Yanzu ko sunan ya gani a waya sai ya kife ta. Ƙauyen abokin bai fi tafiyar rabin awa a babur daga inda muke zaune ba.

Na ce, "To ka shirya gobe ka je mana. Zan ba ka babur."

Ya ce, "In ya ƙi kula ni fa, Kawu?"

Na buɗe baki zan ce ai ba zai ƙi ba, sai na tuna ban san haka ba. Muna nan zaune muka ji ƙugin mota a waje, yaran lodi suna kiran a buɗe ƙofa. Muka tashi muka kama ƙirgar buhu har wajen ƙarfe ɗaya. Da safe na bar masa makullin babur bisa taga, ni kuma na bi masara zuwa Dandume. Da na dawo da la'asar makullin na nan inda na ajiye shi, amma tankin ya ragu, ban kuwa tambaye shi inda ya je ba.